Iyafulo a Hanyar Boɗinga da Shagari: A Wanke Ko A Sauya?

Duk motar da ta baro Sakkwato ta nufi Tambuwal ko Jega sai ta rage gudu a Boɗinga, ta sake ragewa a Shagari. Ga masu sauka, ga masu hawa, ga shingen jami'an tsaro, ga kuma tirelolin siminti da suka taso daga Kalambaina. A irin wannan tsaye-tsayen ne ciwon da ke ɓoye a cikin inji yake fitowa fili. Mota tana tafe lafiya lau a kan kwalta, amma da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya taka burki, sai ta kama karkarwa, allurar da ke nuna juyin inji ta riƙa hawa da sauka, sitiyari na rawa a hannu, wani lokaci ma ta mutu a tsakiyar titi. Direbobi su ce silo ya lalace. Idan aka kai ta gareji, cikin abubuwan da ake fara nunawa da yatsa akwai wata 'yar na'ura baƙa da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ke maƙale a jikin bututun iska, gaba kaɗan da akwatin iyakilina, wato matatar iska. Ita ce na'urar auna iska, wadda kanikawa ke kira iyafulo.

Daga nan baki ke rabuwa biyu. Wani bakanike zai duba ya ce, "Alhaji, datti ne kawai, bari a wanke ta." Wani kuma ya girgiza kai ya ce, "Wannan ta gama aiki, sai dai a sa wata." Ba wanda yake magana da ka a cikinsu. Kowanne yana da motocin da ya gyara ta hanyarsa suka tashi garau, yana kuma da labarin waɗanda suka bi ɗaya hanyar suka dawo suna da-na-sani. Gardamar ta cancanci a zauna a auna ta, domin ga direban haya da ke jigila tsakanin waɗannan garuruwa da birnin Sakkwato, abin da ke cikinta kuɗin cefane ne da balas ɗin mai mota.

A zamanin da ɗan wannan yanki, Alhaji Shehu Shagari, ke shugabancin Najeriya, daga 1979 zuwa 1983, babu wannan magana. Motar lokacin ita ce Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna tun 1975, mai kafireto. Idan silo ya hau ko ya faɗi, bakanike sukudireba zai ɗauka, ya kasa kunne, ya juya ɗan sukuru har sautin injin ya zauna. Kunne da hannu su ne kayan aikin. A daidai waɗannan shekaru ne kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin LH-Jetronic, mai auna iska da zazzafar waya, kuma jikokin wannan tsari ne suka cika hanyar a yau: Corolla, Camry, Sienna, Pontiac Vibe, Volkswagen Sharan da sauransu, yawancinsu 'yan Kwatano. A cikinsu babu sukurun da za a juya.

Injin fetur iska ya fi sha a kan mai. Don ƙonuwa ta cika, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska. In aka mayar da lissafin zuwa abin da direba ya sani, kowace lita ɗaya da ya saya a gidan mai sai ta haɗu da iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone. A irin waɗannan motoci, ƙwaƙwalwar mota, wato birenbos, ba ta da hanyar sanin yawan wannan iska sai abin da iyafulo ta gaya mata, sannan ita kuma ta umarci nozul ya fesa man da ya dace. A cikin na'urar akwai wata siririyar waya, yawanci ta ƙarfen filatinam, da lantarki ke zafafawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, na'urar kuma tana ƙara wuta don zafin ya tsaya inda yake. Yawan wutar da aka ƙara shi ne ma'aunin iskar. Idan ƙura da tururin baƙin mai suka lulluɓe wayar, sai ta zama kamar mutumin da ya ƙudundune cikin bargo da asubar hunturu: iska na kaɗawa, shi ba ya jin ta yadda take. Daga nan rahoton da ke isa ƙwaƙwalwa ya kauce, man da ake fesawa ya yi yawa ko ya gaza.

Ƙura kuwa 'yar gida ce a nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu na kwaso garin ƙasa mai laushi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Hazon kan yi kaurin da zai kawo cikas ga saukar jirage a filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ke ɓangaren birnin Sakkwato da ke fuskantar Boɗinga. In hunturu ya wuce, guguwar bazara da iskar farkon damina su karɓa. Motar da ta sauka daga kwalta ta nufi ƙauyukan da ke bayan Sifawa da Dancaɗi, ko ta bi burji zuwa gonakin kewayen dam ɗin Shagari, ƙurar motar gabanta take shaƙa tun daga tashi har sauka.

A kan wannan ƙura masu cewa a wanke suka kafa hujjarsu ta farko. Iyafulo ba ta da abin da ke juyawa ko gogayya a cikinta, ba irin belti ko takalmin burki ba ce da aiki ke cinyewa. Sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, dauɗa ce ta rufe ta. To, in dauɗa ce, me zai sa a jefar da na'urar asali ta kamfanin Denso, wadda ta zo da motar daga masana'anta, alhali wadda za a sa a madadinta ita ma hunturu mai zuwa zai rufe ta? Wanda ya ɗauki al'adar sauyawa duk lokacin da ƙura ta taru, in ji su, ya shirya sayen sabuwa kusan kowace shekara.

Suna ƙarawa da cewa su kansu masu ƙirƙirar na'urar sun san datti ne babban abokin gabarta. A tsarin Bosch na farko, duk lokacin da aka kashe mota bayan tafiya, ƙwaƙwalwar kan zafafa wayar zuwa wajen digiri 1,000 na kimanin daƙiƙa ɗaya, don ta ƙone abin da ya maƙale mata. Na'urori da yawa na baya ba su da wannan tsari, shi ya sa aikin ya dawo hannun mutum. Akwai kuma maganin feshi da aka haɗa musamman don haka, irin na kamfanin CRC na Amurka da na Liqui Moly na Jamus, mai narkar da maiƙo ya bushe nan take ba tare da ya bar komai ba. A Corolla mai injin 1.8 ta 2003 zuwa 2008, da Vibe da ke da inji iri ɗaya da ita, wanke iyafulo sanannen magani ne ga lambar matsala P0171, wadda ke nufin iska ta rinjayi mai. Ba a Sakkwato kaɗai aka san haka ba, har a ƙasashen da motocin suka fito.

Sai maganar aljihu, kuma nan ne muryarsu ta fi tashi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Duk wani kayan mota da ake shigowa da shi ya bi dala ya hau. Gwangwanin feshi ɗaya zai wanke motoci da dama, sabuwar iyafulo ta asali kuwa ta ninka kuɗinsa sau da yawa. Ga malamin makaranta a Boɗinga ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Shagari da ke lallaɓa tsohuwar Corolla, bambancin ba ƙarami ba ne. Kuma ko wankin bai yi magani ba, abin da aka rasa kaɗan ne, an kuma kawar da zargi ɗaya daga cikin jerin.

Aikin kansa ba ya kai rabin awa. A kashe mota a bar injin ya huce, a zare soket, a kwance sukuru biyu, a fito da na'urar. A fesa maganin sau goma zuwa goma sha biyar a kan wayoyin, ba tare da an taɓa su da komai ba, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Akwai kuskuren da ake yawan yi a motocin Toyota: da an ciro na'urar, abin da ido ke fara gani shi ne wani ɗan ƙwallo mai kalar zuma a gefe, sai yaron gareji ya wanke shi fes ya mayar. Wannan ma'aunin zafin iska ne. Wayoyin auna iskar suna can cikin wani lungu, sai an juya na'urar an leƙa da tocila. Masu goyon bayan wanki na cewa da yawa daga cikin waɗanda suka ce sun wanke bai yi ba, ba su ma kai ga wayar ba.

Masu cewa a sauya ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne, wankin da ake bayani a littafi daban, wankin da ake yi a bakin titi daban. Gwangwanin da ya dace ba kowane shago ke ajiye shi ba, wanda ke Shagari kan buƙaci ya yi saƙo zuwa Sakkwato. Abin da ke kusa da hannu shi ne fetur a gora, ko feshin wanke kafireto mai ƙarfin da ke iya cin roba da rufin na'urar, ko iskar injin mai faci, ko tsinken tsintsiya da aka naɗa wa auduga. Wayar da ake magana a kanta siririya ce ƙwarai. Tsinke ɗaya ya isa ya tsinka ta, iska mai ƙarfi ta isa ta lanƙwasa ta. Motar da ta shigo gareji da ƙafarta tana ɗan karkarwa sai ta koma ba ta ko iya tafiya yadda ya kamata, mai ita kuma dole ya sayi abin da yake gudu, ga ɓacin rai a kai.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ba kowace iyafulo ce mai waya ba. Motocin Jamus da yawa, Volkswagen da Mercedes da makamantansu, suna zuwa da irin ta Bosch mai zazzafan faifai, wato wani siririn shimfiɗe a kan ɗan guntun silikon. Ƙwayoyin rairayi da suka tsallake matatar iska suna bugunsa da gudu suna ƙwarzane shi, kuma ƙwarzane ba ya fita da wanki. Irin wannan na'ura tana tsufa a hankali, awonta yana zamewa kaɗan-kaɗan ba tare da fitilar gargaɗi ta kama ba, shi ya sa wasu daga cikin masu ƙera ta ba sa ba da shawarar a wanke ta. Sannan ko mai waya ce, a kanta akwai ɗan allon lantarki da ke fassara awon, wanda ya shekara goma sha biyar ko ashirin yana gasuwa a ƙarƙashin bonet, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa. Idan wannan allo ya gaji, feshi ba ya isa gare shi.

Akwai kuma lissafin lokaci. Direban haya da ya kai mota wanki yau, ta yi kwana goma lafiya, ta dawo da karkarwa, ya sake komawa, ya yi asarar lodi biyu ko uku kowace tafiya, ban da layin da ya rasa a tasha. A wannan zamani na rashin tsaro kuwa, babu direban da ke son mota ta mutu masa a tsakanin gari da gari bayan magariba, da mata da yara a ciki. Kuma na'urar da ta rage ɗan kuskure bayan wanki tana ci gaba da cin kuɗi a ɓoye. A ɗauka, don misali, direba yana ƙona lita 30 a rana, kuskuren awo ya ƙara masa kashi goma cikin ɗari. Lita uku ke nan kullum. In ana sayar da lita naira 900, a wata ya ƙona fiye da naira 80,000 a banza. Ban da haka, mai in ya yi yawa yana baƙanta fulogi, yana tsinka baƙin mai, yana kashe matatar hayaƙin da ke cikin salansa. In ya gaza kuma injin na ɗaukar zafi yana ƙwanƙwasa. Araha ba ta ado, in ji masu wannan ra'ayi: a biya sau ɗaya a huta.

Magana ce mai ƙarfi, kuma da a Jamus ko Japan ake yin ta, da wuya a ture ta. Amma a nan tana cin karo da tambaya guda: a sauya da wacce?

Iri uku ne a kasuwa. Akwai sabuwa ta asali a kwalinta, mai tsada, wadda sau da yawa sai an yi oda daga Kano ko Legas. Akwai 'yar Beljiyam, wadda aka ciro daga motar da ta yi hatsari ko ta tsufa a Turai ko Amurka, ta biyo ta Ladipo a Legas ko Kofar Ruwa a Kano kafin ta iso shagunan Sakkwato. Ta asali ce, amma sa'ar wadda ke jikin motar ce a shekaru, kuma ta sha tafiya a buhu tare da ƙarafa, bakinta a buɗe. Babu mai iya cewa ga yawan kilomitar da ta yi. Sai ta uku, wadda ta fi yawa kuma ta fi sauƙin kuɗi: jabu, mai kwali mai kyau da tambarin da ya yi kama da na gaske. Tana shiga daidai, soket yana kamawa, mota tana tashi, amma awonta bai yi daidai da taswirar da ke cikin ƙwaƙwalwar motar ba. Sau da yawa tsohuwa ta asali mai ɗan datti ta fi sabuwar jabu faɗin gaskiya. Abin takaicin shi ne, mai mota kan bar tsohuwar a gareji, sai bayan mako biyu ya dawo nemanta an ce ba a san inda ta shiga ba.

Ko a cikin na asali ma akwai tarko. Iyafulon Toyota da yawa kamanninsu ɗaya, lambarsu duk tana farawa da 22204, amma lambobin da ke biye sun bambanta, kuma ba kowacce ke aiki daidai a kowane inji ba. Mai shagon da ya ɗora biyu a tafin hannu ya ce duk ɗaya ne, siffa ya duba. Masu ra'ayin sauyawa suna amsa cewa wannan laifin kasuwa ne, ba laifin shawararsu ba, kuma bakanike mai mutunci yana da dilan da ya amince da shi, wanda ke yarda a gwada kaya a dawo da shi in bai yi ba. Haka ne. Sai dai wanda ke da irin wannan dila a Buzaye cikin birnin Sakkwato ya fi wanda ke gyara a ƙarƙashin bishiya a Shagari dama.

Akwai wata hanya ta uku da babu ɓangaren da ke alfahari da ita, amma ana bin ta: a zare soket ɗin a bar shi yana reto. Idan ƙwaƙwalwar ta rasa rahoton iyafulo, takan koma wani lissafi na ko-ta-kwana da aka ajiye mata, mai ba da mai da ɗan yawa, kuma a wasu motoci karkarwar kan lafa. Direba ya ji daɗi ya tafi. Abin da ke biyo baya shi ne shan mai, baƙin hayaƙi, rashin ƙarfi a hawa, da giya mai fizga a motocin otomatik. A matsayin gwaji na minti biyu, zare soket yana da ɗan amfani. A matsayin gyara, ɓarna ce.

Gwajin ma kansa yana yaudara, kuma nan ne aka zo ga abin da gardamar wanki da sauyi take tsallakewa. Ƙarin man da lissafin ko-ta-kwana ke bayarwa yana iya rufe wata matsala dabam, misali tsagewar tiyo, sai a ɗora wa iyafulo laifin da ba nata ba. Gaskiyar ita ce, karkarwar silo ita kaɗai ba ta isa shaida a kan wannan na'ura ba. Bututun roba da ke tsakaninta da totur yana bushewa ya tsage a cikin lanƙwasarsa, ya riƙa shigar da iskar da ba a auna ba. A wannan Corolla ɗin mai injin 1.8, gasket ɗin da ke tsakanin bututun shigar iska da kan inji sananne ne wajen yoyo idan ya tsufa, musamman da sanyin safiya, kuma lambar da yake haifarwa ita ce dai P0171. Bakin totur yana tara baƙin maiƙo. Fulogi na gajiya, koyil na mutuwa, famfon mai na rauni, kujerar inji na fashewa ta riƙa miƙa girgiza zuwa sitiyari alhali injin lafiyarsa lau. Ga man 'yan bumburutu da ba a san me aka gauraya masa ba. Ko a gidajen mai ma, a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Beljiyam, motoci da dama suka lalace. Fetur ba ya bi ta kan iyafulo ko kaɗan, amma alamomin suna kama. Ga kuma al'adar cire tamostat don tsoron zafi, wadda ke hana inji kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa ta yi ta ba shi mai kamar yanzu aka tayar da shi.

Wasu motocin ma ba su da iyafulo sam. Camry mai injin 2.2 ta ƙarshen shekarun 1990, da Honda Accord da Civic na wannan zamani, matsin iska suke aunawa da wata na'ura dabam.

Hanyar rarrabewa tana nan, kuma ba ta da tsada kamar yadda ake zato. Duk motar da aka sayar a Amurka daga samfurin 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, da ake jona na'urar bincike. Akwai ƙanana da ke magana da wayar hannu ta Bluetooth. Amfaninsu ba karanta lamba kaɗai ba ne, domin lamba irin P0101 ko P0102 tana cewa ne awon iska ya kauce, ba ta ce na'urar ta mutu ba. Waya ce mai yiwuwa ɓera ya ci, ko soket ya yi tsatsa. Abin dubawa shi ne awon kai tsaye. Injin 1.8 da ya yi zafi, yana silo, ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki ba, yakan nuna giram biyu zuwa uku a daƙiƙa, kuma adadin ya riƙa hawa sumul idan aka taka totur. Sai kuma adadin gyaran mai, wato kashi nawa ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa don ta cike kuskure. In bai wuce kashi goma ba, ana ɗaukarsa lafiya. In ya yi sama sosai a silo, ya sauko da aka ɗaga juyin inji zuwa 2,500, to iska ce ke satar hanya ta wata ɓaraka, a nemi tsagar. In kuwa a silo yana daidai ko ma ƙasa, ya riƙa hawa yayin da mota ke ɗaukar gudu da kaya, yatsa ya nuna iyafulo. Tun a 1998 kamfanin Ford ya bayyana wa kanikawansa wannan ɗabi'a a wata takardar jagora: na'ura mai datti tana ƙara awo a silo, tana rage shi idan iska ta yi yawa. Shi ya sa direban da iyafulonsa ta yi dauɗa yakan fara kuka da cewa mota ba ta ja idan zai wuce tirela, kafin ya yi kuka da silo.

Idan aka ɗora hujjojin biyu a ma'auni, a wannan yanki da wannan kasuwa, ta masu wanki ta fi rinjaye, amma da sharaɗi. Ga motocin Japan masu iyafulon Denso, waɗanda su ne mafi yawa a hannun jama'a, a fara da bincike, a bi da wanki da maganin da ya dace, a sake auna. In awon ya dawo daidai, an gama. In bai dawo ba, ko wayar ta tsinke, ko na'urar ba ta ba da rahoto alhali wayoyinta lafiya, to masu sauyi ne da gaskiya, kuma jan ƙafa asara ce. Ga motocin Jamus masu faifan Bosch da suka sha shekaru, damar wanki ta fi ƙanƙanta, kuma direban haya da rayukan fasinja ke hannunsa bai yi laifi ba in ya wuce kai tsaye ya sayi ta asali. Ya kwafi lambar da ke jikin tsohuwar, ya yi yarjejeniya da mai shago kan mayarwa, ya kuma karɓi tsohuwarsa ya ajiye a mota. Hukumar NADDC ta gwamnatin tarayya tana shirya wa kanikawa horo kan motocin zamani, ƙungiyarsu ta NATA kuma tana da rassa a jihohi. Irin wannan horo na karanta awo shi ne ya kamata ya sauko har garejojin Boɗinga da Shagari, domin ƙwarewar hannu da kunne tana nan, abin karantawar ne ya canza.

Saura tambayar da ba a cika yi ba: ta ina ƙurar ta bi har ta kai wayar? Aikin matatar iska ne ta tare ta. Littattafan Toyota kansu sun ce a ƙara yawan duba matatar ga motar da ke bin hanyoyi masu ƙura. Abin da aka saba shi ne a ciro ta a kaɗe a jikin taya, ko a miƙa wa mai faci ya hura mata iska, wanda ke buɗe ƙananan ramuka a takardar da ido ba ya gani. Wasu matatun na jabu ba sa zama daidai a mazauninsu, gefe ɗaya a ɗage. Akwatin kansa a motoci da yawa maƙallansa sun karye an ɗaure da roba ko waya, wasu ma an cire matatar gaba ɗaya wai don mota ta yi numfashi. Duk wanda ya buɗe akwatin zai iya gwadawa da kansa: ya shafa yatsa a cikin murfin, ɓangaren da iska ke fita bayan ta ratsa matatar, da kuma cikin bututun da ke zuwa inji. Wurin ya kamata ya kasance fes. In yatsan ya fito da jan gari, ƙura na tsallakewa, kuma da wankakkiya da sabuwa duk za su sake rufewa kafin hunturu ya fita, sai an gyara maƙallan an sa matata mai kyau da ta zauna daidai.